Yadda muka nemar wa Sakkwato ƙaramar minista

Bayan zaɓen 2023, lokacin da kowa ke lissafin wa zai samu me, wasu ƙungiyoyin mata na nan Sakkwato suka ce a wannan karon ba za su zauna jiran labari a rediyo ba. Za su fitar da sunaye da kansu, su miƙa wa manyan jam'iyya, ko Allah zai sa a ɗauki mace daga jihar. Ni aka ɗora wa rubutu, saboda na daɗe a aikin gwamnati kafin in yi ritaya, na san irin takardar da ake karantawa da irin wadda ake turawa ƙasan fayil.

Ba mu ɗaga kai ga babbar kujera ba. Ƙaramar minista muka nema, muka kuma ambaci ma'aikatu biyu, ta harkokin mata da ta yawon buɗe ido. Ta farko ba wanda ya yi musu. Ta biyu ce ta ta da ƙura. Wata dattijuwa da duk muke kira Inna ta gyara mayafi ta ce, "Ni dai ɗiyata, ban ga mi ya haɗa mu da otal da masu rawa ba." Na ce, "Inna, ki tuna Hubbaren Shehu. Su wa ke cika wurin?" Mata ne, daga ƙauyuka, wasu har daga Nijar, da goyo da ƙunshin guzuri. Hanya ce tsohuwa. Tun zamanin Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, jajis, wato shugabannin mata na ƙauyuka, ke jagorantar 'Yan Taru, mata masu neman ilimi, su zo ɗaukar karatu su koma su koyar. Ga Wurno inda kabarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake, ga kufan Surame da Kanta, Sarkin Kabi, ya gina, ga Alƙalawa tsohon birnin Gobir, ga takardun da ke gidan tarihi na Waziri Junaidu. Baƙuwar da ta zo ziyara inuwa take nema, da ruwa, da wurin kewayawa, da abincin da za ta saya ba a cuce ta ba, kuma masu sayar mata da fura da tabarma da turare mata ne 'yan uwanta. Inna ta ce to a rubuta, amma da sunan ziyara.

Daga nan aikin ya koma na takardu, kuma nan aka fara zubewa. Sashe na 147 na tsarin mulkin 1999 ya ce kowace jiha a ba ta aƙalla minista ɗaya, ya kasance ɗan asalin jihar, ya kuma cika sharuɗɗan tsayawa takarar Majalisar Wakilai. A baki abu ne mai sauƙi. Amma cikin matan da aka kawo sunayensu, akwai wadda ta fi kowa sanin aiki, ta yi rayuwarta a Sakkwato, ta aurar da 'ya'ya a Sakkwato, sai dai mahaifinta mutumin wata jiha ne. A watan Maris na 2022 Majalisar Tarayya ta yi watsi da ƙudurin da zai ba matar aure damar zama 'yar jihar mijinta bayan shekara biyar da aure. Don haka a nan ana ce mata baƙuwa, a garin mahaifinta ana ce mata ta tafi gidan miji. Muka cire sunanta tana zaune a ɗakin. Wata kuma takardar bautar ƙasa ce ba ta gani ba, kuma tun da Kemi Adeosun ta ajiye muƙamin ministar kuɗi a 2018 kan irin wannan takarda, ba wanda ke yarda ya rufe ido. Wasu ba su da katin jam'iyya ko kaɗan, aikin jinya da koyarwa suka sani. Akwai kuma zuwa gida-gida neman yardar miji da iyaye, wanda ba ya cikin kowace doka, amma duk wadda ta tsallake shi a Sakkwato ta san ba za ta yi nisa ba.

Lokaci ma bai ba mu sarari ba. Gyaran tsarin mulki da aka sa wa hannu a 2023 ya wajabta wa shugaban ƙasa da gwamnoni su miƙa sunaye cikin kwana 60 da rantsuwa. An rantsar da Shugaba Tinubu ranar 29 ga Mayu, kashin farko na sunaye ya isa Majalisar Dattawa a ƙarshen Yuli.

Wani tsohon ɗan siyasa da muka kai wa takardar ya karanta ta har ƙarshe, abin da ba kowa ke yi ba, sannan ya ce, "Hajiya, kun yi aiki. Amma wanga layi da kunka ce harkokin mata ko yawon buɗe ido, ba a roƙon shi. Suna ake aikawa, ba kujera ba." Gaskiya ya faɗa. A al'adar Najeriya sunaye na zuwa gaban sanatoci babu ma'aikata a jikinsu. Ana tantance mutum ba a san ko lafiya za a ba shi ko ma'adinai ba, wani ma a ce ya yi gaisuwa ya wuce. Sai an gama ake rabo. Da aka rantsar da ministoci 45 ranar 21 ga Agusta, harkokin mata ta tafi ga Uju Kennedy-Ohanenye, sabuwar ma'aikatar yawon buɗe ido ga Lola Ade-John, kuma babu ƙaramar minista a ko ɗaya. Sakkwato ta samu Bello Muhammad Goronyo a matsayin ƙaramin ministan albarkatun ruwa. Ke nan kujerun da muka yi ta gardama a kansu ba a ma kafa su ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wanda na gano sa'ad da nake rubuta shafin ayyukan da 'yar takararmu za ta riƙe. Na duba tsarin mulki ban ga inda ya yanka wa ƙaramin minista nasa aikin ba. Abin da shugaban ƙasa ya ba shi, shi ne nasa. In ba a rubuta rabon aiki ba, wace hukuma ke ƙarƙashin wa, wa ke sa hannu a kan kuɗi, wa ke kai takarda Majalisar Zartarwa, to fayil na tashi daga teburin babban sakatare ya wuce ofishin babban minista, ƙaramin ya ji labari daga baya. Festus Keyamo, wanda ya riƙe ƙaramin ministan ƙwadago, ya fito fili a 2023 ya ce muƙamin bai da gurbi a tsarin mulki kuma masu riƙe shi ba su da cikakken iko. Na ga irin haka a ƙananan ofisoshi tun ina aiki: mataimaki da mota da direba da mai buɗe ƙofa, amma ko takardar sayen biro ba ya iya amincewa. A ganina, mace da za a kai ta zauna haka gara a bar ta a makarantarta tana koyarwa, don in ma'aikatar ta gaza ita za a nuna a ce ga abin da mata suka iya.

Su kansu ma'aikatun ba su da tabbas. A watan Oktoba na 2024 aka sauke ministocin biyu, Uju da Lola, aka haɗe yawon buɗe ido da ma'aikatar al'adu ƙarƙashin Hannatu Musawa, aka ɗauko Imaan Sulaiman-Ibrahim daga ƙaramar ministar harkokin 'yan sanda aka ba ta harkokin mata, Goronyo kuma ya koma ma'aikatar ayyuka. Labarin Imaan ya sa na rage tsanani kan ƙaramar kujera, don ta nuna ana iya hawa daga can. Amma ita ma ba da sunan harkokin mata ta shiga ba.

Yanzu mun sauya yadda muke aikin. Takardar manufar jinsi ta ƙasa ta 2006 ta yi maganar kashi 35 cikin ɗari na muƙamai ga mata, Babbar Kotun Tarayya ta ba da umarnin a aiwatar a 2022, kuma muna sa wannan a shafin farko na duk abin da muka rubuta. Mun daina ambaton ma'aikata. Kowace mace da muke da ita a jeri tana da fayil ɗinta: takardar asalin ƙaramar hukuma, shaidar makaranta, ta bautar ƙasa, ta biyan haraji, da katin jam'iyya da aka yanka a mazaɓarta tun yanzu. Mun kuma juya ido ga kujerun kwamishina, waɗanda Majalisar Dokokin Jiha ke tantancewa a ƙarƙashin sashe na 192, inda masu yanke shawara mutanen da muke haɗuwa da su ne wurin suna da ta'aziyya. Shafin nan na ziyara da Inna ta amince da shi mun ware shi daban, muka ƙara masa lissafin abin da masu sana'a ke buƙata a Hubbare da Wurno, don a miƙa wa duk wanda aka ba aikin, mace ko namiji.