Wasiƙa daga Rotadam: Kududdufin Bature

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Muna lafiya, sanyi dai sai haƙuri. Duk wanda ya kira ni tambayarsa ɗaya: wai da gaske ne Holan tana ƙasa da teku, amma ruwa bai cinye ku ba? Yaya Hajiya kaɗai sau uku tana tambaya. Bari in amsa a nan kowa ya ji, daga baya in taɓo zancen abinci da na yi alkawari.

Gaskiya ne, wajen kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar teku ya fi shi tudu. Amma ni ba ganuwar tare teku ce ta ɗaure mini kai ba, wani dandali ne mai suna Benthemplein da aka buɗe a 2013. Ran da na fara zuwa, rami na gani mai matattakala, samari na ƙwallon kwando a ciki, ɗalibai na zaune a gefe suna cin burodi. Na koma bayan an tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya, sai ga tafki. Ruwan rufin gine-ginen da ke kewaye ne ke bin wasu faffaɗan indararo na ƙarfe yana gangarawa cikin ramuka uku, masu ɗaukar lita kusan miliyan 1.7. Idan sama ta lafa sai a sallame shi a hankali, yara su dawo wasansu.

Na tsaya ina dariya ni kaɗai. Ai wannan kududdufi ne! Irin wanda muke cikewa da shara a Kano a yanka filoti, damina ta zo ruwa ya rasa masauki ya shigo mana har ɗaka. Baffa, wancan na bayan gidanka da dillalai ke zawarci, don Allah a dakata tukuna.

A nan Holan har gasa suke yi tsakanin garuruwa tun 2020, ta ɓamɓare daɓen tsakar gida a shuka ciyawa da furanni don ƙasa ta sha ruwa. Maƙwabciyata, tsohuwa tukuf, ta cire bulon daɓe goma sha biyu tana ta murna. Na tuna yadda na kashe kuɗi na malale gidanmu da intalok, sai na yi shiru.

Wannan hidimar ruwa ba kyauta ba ce fa. Duk shekara takardar harajin hukumar ruwa na zuwa, da yarensu, sai na nemi mai fassara kafin in san nawa ake bi na.

Abinci kuwa, dankali ne safe da yamma. Wanda zai taho ya riƙo mini daddawa da kuka.