Godiya bayan walimar tabbatar da ni a aiki

Alhamdulillahi, an yi taro an tashi lafiya. Tun daren Asabar nake son in rubuto, gajiya ta hana, ga takardun jarrabawar 'yan aji biyu jibge a kan tabarma suna harara ta.

Ba sai na maimaita labari ba, da ku aka sha. Kun san na baro koyarwa a sakandare na kama aikin lakcara ana gab da yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, na 2022, wanda aka shiga ran 14 ga Fabrairu, ba a janye ba sai 14 ga Oktoba, wata 8 ba albashi. Da aka dawo kalandar karatu ta hautsine, jarrabawa ta riƙa faɗowa tsakiyar damina. Na waje gani yake aikinmu shiga aji ne kawai. Ƙarin girma kuwa sai da maƙala, mai binciken wuta-wuta (ciyawar nan mai shanye dawa) irina kuma a gona maƙalarta ke tsira, dawa ba ta jiran a gama duba takardu.

Ranar da ba zan manta ba, ina tsaron jarrabawa aka kwana ana ruwa. Da na isa gonar gwaji, turaku da alamomin da muka kafa duk ruwa ya tafi da su, kunyoyi sun baje. Taswira na hannuna, amma ba a gane inda filin dawa zalla ya ƙare, na dawa da wake ya fara. Aikin shekara guda ke nan. Zama na yi a cikin taɓo da mayafina ina kuka.

Sai ga Baba mai gadi da fartanya. Ya ce, "Malama, tashi, kada ɗalibanki su gan ki haka." Ya tona kusurwa, sai ga dutse. Ya ƙara gaba, ga wani. Ashe tun ranar shuka ya bi kowane fili ya binne duwatsu kamar yadda ake yi wa iyakar gonar gado, wai bai yarda da "'yan robobin nan naku" ba. Ya hana ni faɗa, to Baba ka yi haƙuri, na faɗa, har a shafin godiya na maƙalar na sa ka. Allah Ya kai ka Makka, Ya raya maka zuri'a, Ya sa ka gama da duniya lafiya.

Shugaban sashenmu da ya rage mini kwas ɗaya a zangon girbi ba tare da na roƙa ba, Farfesa, Allah Ya ƙara girma. Hajiya, uwar mijina, wadda ta goyi auta ina ɗakin gwaji ina ƙirga tsiron wuta-wuta har isha, Allah Ya saka miki da Aljanna Firdausi. Abban yara, kai ka san sauran. Ɗalibaina da suka sha rana suna auna tsayin kara, Allah Ya ba ku aikin yi.

'Yan uwan da suka ce boko ba ta ƙarewa, na aika muku da kati, kujerunku na nan har aka watse. Wataƙila hanya ce, ba komai.

Na miƙa takardar neman tallafin bincike na TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, don damina mai zuwa, ku taya ni da addu'a. Masu kuloli da tabarmin aro kuma, gobe bayan lakcar ƙarfe takwas zan bi gida-gida in mayar.