Abin da ginin majalisar Jamus ya koya mini game da gyara

Sau biyu aka yi wa Reichstag, ginin majalisar dokokin Jamus da ke Berlin, babban gyara. A duk karatun zanen gine-gine da na yi, babu darasin da ya zauna mini kamar bambancin da ke tsakanin gyare-gyaren nan biyu.

An kammala ginin a 1894, gobara ta cinye zaurensa a 1933, Yaƙin Duniya na Biyu ya ragargaza shi a 1945. A shekarun 1960 mai zanen gine-gine Paul Baumgarten ya yi gyaran farko. Aka kankare ado mai yawa, aka lulluɓe tsofaffin bangaye da sababbin alluna, ciki ya yi fes kamar ba a taɓa kuka a wurin ba. Ban cika ganin laifinsa ba, mutanen lokacin mantuwa suke nema.

Bayan haɗewar Jamus ta Gabas da ta Yamma aka damƙa wa wani mai zanen gine-ginen, Norman Foster, aikin gyara na biyu. Da ma'aikata suka ɓamɓare allunan, sai ga rubutun sojojin Tarayyar Sobiyat a jikin dutse, da gawayi da shuɗin alli: sunan soja, kwanan wata, garin da ya taso. Hannun waɗanda suka ci ƙasarka da yaƙi ke nan, a bangon majalisarka. Wasu 'yan majalisa sun so a goge, kuma na fahimci zafin da suka ji. Duk da haka aka tsabtace da yawa daga ciki aka bar su, inda sabon shafe ya haɗu da tsohon dutse ma aka bar gaɓar a fili. Wannan ne ya ratsa ni. Gini ya samu na'urar hawa bene da sababbin wayoyin lantarki, ba tare da an sa shi ya yi ƙarya game da kansa ba.

Ƙubbar gilashin da kowa ke ɗauka a hoto ba ta cikin zanen Foster na farko, majalisa ce ta dage. Da ya amince, sai ya ba ta aikin yi: madubai 360 na tura hasken rana cikin zaure, iska mai zafi na fita ta sama, talakawa kuma na zagayawa a bisa kan wakilansu. Majalisa ta fara zama a ciki a Afrilun 1999.

Yanzu idan aka kira ni duba tsohon ofishin hukuma da aka gina da laka, kafin a yi zancen tayil da silin sai na sa an ɗan kankare bango. Sau da yawa siminti ake tararwa an maka a kan tubali, danshi ya rasa mafita, ƙasar ta ruɓe daga ciki. Wani lokaci kuma tsohon zanen magina ke fitowa, ko azara lafiya lau wadda aka riga aka saka a lissafin abin da za a cire. A nan nake tsayar da aiki in nemi tsohon magini na unguwar, mu sake lissafin tare.