Ashe tun a Kano aka yanke wa motar hita

Talata, tsakiyar Janairu, Jos.

Yau da asuba sai da na ɗumama ruwa kafin na iya yin alwala. Wata huɗu ke nan da aka yi mini canjin wurin aiki daga Kano zuwa Jos, kuma duk labarin da aka ba ni na sanyin garin nan, ashe rabi aka faɗa mini. A Kano ma muna kukan hunturu, amma na nan daban yake. Garin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, iskar asuba har cikin ƙashi take shiga.

Inna ta zo tun makon jiya don ganin likitan ido, an ce mu kasance a layi kafin ƙarfe bakwai. Shida daidai muka fito, ni da ita da maman yara. Inna suwaita biyu ta sa, ta yafa bargo a kan mayafi, duk da haka tana ta matsa gwiwa. Na ce bari in yi abin kai, na murɗa maɓallin hitar mota zuwa ɓangaren ja har ƙarshe, na ƙure fanka. Shekara uku da sayen motar nan ban taɓa juya shi can ba. Wa zai kunna hita a Kano?

Iska ta fito kamar an buɗe firji. Inna ta ce, "Kai, wace irin mugunta ce wannan, esi ka kunna mini da asubar fari?" Na ce, "Ki yi haƙuri Inna, sai inji ya ɗauki zafi tukuna." Muka wuce Bauchi Road, muka yi tafiyar kusan minti ashirin, babu abin da ya canza. Gilashin gaba ya yi hazo da numfashinmu, ina tuƙi ina gogewa da hula. Maman yara ba ta ce komai ba, amma na ga tana danne dariya ta madubi.

Da na sauke su na koma wurin ajiye motoci na zauna ina tunani. Ɗan abin da na sani shi ne hita ba ta da wata wuta tata. Zafin inji take ara. Ruwan da ke zagayawa cikin inji yana sanyaya shi, wani ɓangarensa yana bi ta tiyo biyu ya shiga wani ƙaramin lagireto da ke ɓoye a bayan dashbod, fanka ta hura iska ta cikinsa, iskar ta fito da ɗumi. Ke nan ko dai ruwan bai yi zafi ba, ko bai isa wurin ba, ko kuwa ƙyauren da ke karkata iskar ya maƙale. Fankar dai tana hurawa, don haka ba maganar fis ba ce.

Na jira har injin ya huce sosai kafin na taɓa murfin lagireto. Wannan kam ba na wasa da shi, tun ranar da na ga ruwa ya feso wa wani direban tasha a hannu, fatar ta saɓule. Na buɗe, ruwa a cike yake, sai dai kalarsa kamar shayin da aka zuba wa madara kaɗan. Laifina ne. Duk lokacin da ya ragu, ruwan rijiya ko na leda nake ɗurawa.

Sai na leƙa can bayan inji, jikin bangon ƙarfen da ya raba shi da cikin mota, ina neman tiyo biyun nan in ji ko suna da zafi. Ban same su ba. Abin da na gani wasu gajerun bututu biyu ne sun leƙo, tsirara. Ɗaya an cusa masa tsohon fulogi, ɗayan an toshe shi da guntun kara an naɗe da robar tayar keke. Tiyon da ya kamata ya shiga wurin kuma an lanƙwasa shi ya koma jikin inji. Wato shekara uku ina yawo da hitar da ko ɗigon ruwa ba ya shiga cikinta.

Na kira maman yara, ta ce layin ko motsi bai yi ba, in je in yi abin da zan yi. Na nufi Farin Gada, garejin wani dattijo da abokin aikina ya haɗa ni da shi. Yana ɗaga bonet ya leƙa, ya kwashe da dariya. "Malam, motar Kano ce ko ta Sakkwato?" Na ce ta Kano. Ya ce ai ya sani, da wuya mota ta zo daga can da hitarta a haɗe. Ya tambaye ni inda allurar zafi take tsayawa in ina tafiya. Na ce da alfaharina, ai ba ta taɓa wuce kwata ba, motata ba ta san zafi ba. Ya ce, "To tamostat ɗin ma babu." Ya sa yaronsa ya kwance noti biyu a inda tiyo ya haɗu da inji, ya zura yatsa, wayam.

A nan muka ɗan yi gardama, kuma ita ce ta fi tsaya mini a rai. Shi Oga ya yarda a mayar da hita, amma a ganinsa tamostat kayan Turai ne, na ƙasar da ƙanƙara ke zuba, mu nan cire shi ya fi alheri. Kusan duk bakaniken da na sani haka yake cewa, kuma na san dalilinsu. In abin ya tsufa ya maƙale a rufe, ruwa ba zai je lagireto ba, mota ta tafasa, gasket ya ƙone, a kama kan silinda. Wanda ya taɓa biyan kuɗin wannan aikin ba zai so ya sake ganin tamostat ba. Amma ai aikinsa ke nan ya tsare ruwa a cikin inji har ya kai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai, sannan ya buɗe. In babu shi, ruwa yana ta zagaya lagireto tun daga tayar da mota, da sanyin safiyar Jos kuma injin ba zai taɓa ɗumama yadda ya kamata ba. Inji mai sanyi kuwa mai yake sha, don kwamfutar motar tana ɗauka har yanzu ana ɗumi ne, sai ta riƙa ƙara masa fetur. Na ce, "Oga, a tsadar man nan, ashe ni nake biyan kuɗin tsoronku." Ya ce, "Motarka ce, amma in ta tafasa kada ka kira sunana."

Kafin a sayi komai sai da ya tsaya a kan wata tambaya da ni ban yi tunaninta ba: me ya sa aka yanke hitar tun farko? Wasu haka kawai suke yankewa, wasu kuma don ƙaramin lagireton ya fara yoyo ne, ruwa yana jiƙa kafet ɗin gefen mai zaman banza. In haka ne, sai an sauke dashbod gaba ɗaya kafin a kai gare shi, aikin yini guda ko fiye. Gabana ya faɗi. Ya zare fulogin da karan, ya sa tiyon ruwa a bututu ɗaya. Da farko shiru, sai kuma ya yi tari ya amayo wani jan ruwa mai kauri kamar kunun kanwa, har da ɓarɓashin tsatsa. Ya juya ta ɗaya bututun, ya sake, ya sake, har ruwan ya fito garau. Bai yarda a sakar masa ruwa da ƙarfi ba, ya ce cikinsa siriri ne, zai iya fashewa. Sannan ya toshe baki ɗaya, ya ɗan hura iska ta ɗayan da famfon keke, ya sa ni na kwanta a ƙasan dashbod da tocilan. Ban ga ɗigo ba, ban ji huci ba.

Na hau Keke zuwa Dilimi na sayo tamostat da tiyo biyu da kilif da galan ɗin kulan, wato ruwan sanyaya inji. A jikin tamostat ɗin an buga 82, wato a digiri 82 yake fara buɗewa. Oga ya ce shi bai yarda da rubutu ba, jabu ya yi yawa. Muka je wurin mai shayin bakin gareji, aka samo tsohon gwangwanin madara, aka ɗaura abin da waya aka zura cikin ruwa a kan wuta. Mu huɗu muka sunkuya muna kallo, har da mai shayin da cokali a hannu. A tudu irin na Jos ruwa yana tafasa ne a wajen digiri 96, bai kai 100 ba, amma ya ishe mu. Ruwan yana fara ƙananan kumfa sai ga bakin abin yana ja baya a hankali, kamar kunkuru zai leƙo. Aka ciro shi, ya sha iska, ya koma ya rufe. Mai shayi ya ce, "Ikon Allah, ƙarfe da hankali."

An ɗaura, an zubar da tsohon ruwan, an wanke, an zuba kulan. Na roƙi yaron ya rufe wanda ya zube da ƙasa, don akwai awaki a wurin, shi kuma abin zaƙi gare shi kuma guba ne. Saura fitar da iska. Oga ya sa aka hau da ƙafafun gaba kan tudu, murfin lagireto a buɗe, hita a ƙure, mota a sulo. Kumfa tana ta fitowa ɓul-ɓul, ruwan yana sauka yana ƙarawa, yana matsa tiyon sama da hannu. Ya ce in iska ta maƙale a cikin hitar, duk wahalar nan ta tashi a banza, sanyi za ta ci gaba da hurawa.

Ina zaune a ciki ina kallon allura. Ta wuce kwata, ta ci gaba da hawa. Wallahi hannuna har ya kai kan makulli. Sai ta tsaya ƙasa da tsakiya kaɗan, ta yi zamanta. Na sa tafin hannu a bakin iska, ɗumi ya fara zuwa, tare da wani warin ƙura da ta shekara da shekaru a kwance. Oga ya taɓa tiyo biyun, duka da zafi, ɗaya ya ɗan fi ɗaya. Ya kuma gano fankar lagireto an haɗa ta kai tsaye, da an murɗa makulli take tashi. Wannan sai mai riwaya, wato mai gyaran wayoyin mota, shi kuma ya tafi ɗaurin aure Bukuru, sai jibi.

Sai bayan la'asar aka sallami Inna, an ɗiga mata magani an ce ta dawo bayan mako biyu. Magariba ta same mu a hanya, sanyi ya fara saukowa. Ban ce komai ba na murɗa maɓallin, na karkata iskar ƙasa wajen ƙafafu. Can sai na ga ta zame bargon, ta miƙe ƙafa. Ba a yi minti biyar ba ta ce, "Rage mana, za ka gasa mu kamar gurasa."

Yanzu ƙarfe goma ta wuce. Na shimfiɗa kwali a kan kafet ɗin gefen mai zaman banza, na yi wa robar ajiyar ruwa alama da biro daidai inda kulan ya tsaya. Da asuba kafin in tayar da motar zan duba duka biyun.