Yatsu biyu da takardar da ban dangwala wa hannu ba

Shekara huɗu ke nan ina koyon rayuwa da yatsu takwas. Sa maɓallin riga na iya, riƙe alƙalami da hagu ma na iya, ko da yake rubutun ya koma kamar na ɗan aji biyu. Amma har yau idan allura ko mabuɗi ya faɗi ƙasa sai in tsaya ina kallonsa kamar mun yi faɗa. Manuni da na tsakiya ne suka tafi, a hannun dama. Injin yanka kwali ne ya ɗauke su, wata Talata da yamma, saura kaɗan a tashi daga aiki.

Labarin ba shi da tsawo. Kwali ya maƙale a bakin wuƙa, yadda ya saba yi sau goma a rana. Na danna jan maɓalli, inji ya tsaya, na zura hannu in zaro shi. Abokin aikina da ke ɗaya gefen bai gan ni ba, tarin kwali ya kare tsakaninmu. Ya ɗauka gardamar injin ce ta motsa, sai ya kunna. Ban ji zafi nan take ba. Ji na yi kamar an fizge ni, sai na ga kwalin ya yi ja. Zafin sai da muka shiga mota ya iso, ya kuma iso da ƙarfinsa.

Injin nan da murfinsa aka ƙera shi, wani murfin ƙarfe mai raga wanda muddin aka ɗaga shi wuƙa ba za ta motsa ba. Tun kafin a ɗauke ni aiki aka kwance shi aka jingine a bayan sito, wai yana rage sauri. Kowa ya sani. Ni ma na sani, kullum ina wuce shi ya yi ƙura, ban taɓa cewa uffan ba. Wa zai ɗaga murya a kan murfi alhali akwai mutum goma a bakin ƙofa suna jiran gurbinsa?

Kwanana uku a asibiti manaja ya zo dubiya. Ya yi mini sannu, ya yi addu'a, ya ce, "Malam, ƙaddara ce, sai haƙuri." Ya ajiye ambulan a gefen filo, sannan ya zaro takarda da ɗan akwatin tawada, ya ce tunda dama tana naɗe da bandeji, in dangwala da babban yatsan hagu. Na riga na miƙa hannun. Sai wayarsa ta yi ƙara, ya fita amsawa.

Dattijon da ke kula da sitonmu yana zaune a kan benci tun ɗazu, bai ce komai ba. Manaja na fita ya matso, ya rage murya.

"Ɗana, kar ka dangwala. Ka ce kanka na juyawa, sai ka warke."

"Baba, ai taimako ne ya kawo."

"In taimako ne, me ya haɗa shi da tawada?"

Haka na yi. Daga baya ƙanina ya karanta mini takardar a tsanake. Layi biyu ne masu nauyi a cikinta: na ɗaya, cewa sakacina ne ya jawo hatsarin, na biyu, cewa na karɓi abin da ke cikin ambulan kuma ba ni da sauran wata magana da kamfani har abada.

Ban yi musun ƙaddara ba, ba kuma zan yi ba. Ita ce ta riƙe mini zuciya a dararen da nake jin ƙaiƙayi a yatsun da babu su. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ɗauko ta a rufe bakin mai haƙƙi. Murfin nan da sifana aka kwance shi, wani ne kuma ya ba da umarni. Diyyar rauni a wurin aiki ba alfarma ba ce, ba sadaka ba ce, kuma neman ta ba butulci ba ne. Na daɗe kafin wannan ta zauna mini a rai, don da farko kunya nake ji, kamar ina ƙarar wanda ya ciyar da ni.

Watannin da na yi a gida babu abin yi sai karatu a waya, a nan na gano cewa da a ce shekaru ɗari da hamsin baya abin ya same ni, ko sisi ba zan gani ba. A wancan zamani a Ingila da Amurka, ma'aikacin da ya ji rauni sai ya kai ƙara kotu ya tabbatar da laifin mai kamfani, shi kuwa mai kamfani yana da mafaka uku. Idan abokin aikinka ne sanadi, babu ruwansa. Wannan ta samo tushe daga wata shari'a a Ingila a 1837. Idan kai ma da naka sakacin, ko yaya yake, ka faɗi. Idan ka san aikin da haɗari ka kuma yarda ka yi, to kai ka ɗauka wa kanka. Na yi dariya ni kaɗai da na karanta, domin duka ukun sun hau kaina daidai: abokina ne ya kunna, ni na zura hannu, na kuma san babu murfi. Takardar manaja ma wannan tsohuwar hanyar take so ta mayar da ni.

Jamus ce ta fara karya wannan tsari a 1884, zamanin Bismarck, shugaban gwamnatinta na lokacin, da dokar inshorar hatsarin aiki wadda masu masana'antu ne ke zuba kuɗinta. Ba tausayi ne kaɗai ya sa shi ba, so yake ya janye ma'aikata daga jam'iyyar 'yan gurguzu da ke ƙara ƙarfi. Ko ma mene ne dalilinsa, abin ya kafu. Birtaniya ta yi tata dokar a 1897. Tambayar ta tashi daga "laifin wa?" ta koma "a wurin aiki ne, kuma saboda aikin ne?" In amsar e ce, akwai diyya. Sai dai ciniki ne aka yi, ba kyauta ba: a wurare da yawa ma'aikaci ya haƙura da kai ƙarar neman cikakkiyar diyya, a madadin haka ya samu abin da aka ƙayyade, kaɗan amma tabbas. Wanda ya taɓa karɓa ya san kalmar "kaɗan" ba wasa a cikinta.

Akwai wani abu daga New York da ya tsaya mini. Ranar 24 ga Maris 1911 babbar kotun jihar ta soke dokar diyyar ma'aikata, ta ce ta tauye haƙƙin masu dukiya. Washegari, 25 ga Maris, gobara ta tashi a masana'antar ɗinki ta Triangle, mutum 146 suka mutu, yawancinsu 'yan mata baƙin haure, wasu saboda ƙofar fita a kulle take. Shekara ɗari da biyu bayan haka, 24 ga Afrilu 2013, ginin Rana Plaza ya rufta a Bangladesh ya kashe fiye da mutum 1,100. An ga tsagewa a bango tun ana gobe abin zai faru, aka ce masu ɗinki su koma bakin aiki. Can ma kowa ya sani, kamar murfinmu.

Nawa al'amarin ya ɗauki shekara ɗaya da 'yan watanni, kuma takardu ne suka yi shi, ba kuka ba. Sai da aka nemi shaidar cewa an rubuta hatsarin a littafin kamfani, da rana da lokaci. Sai rahoton likitan da ya fara karɓa ta, sai takardun albashi, sai shaidu. Dokokin nan kusan ko'ina suna da wa'adi, in ka yi jinkirin kai rahoto ka ba wa wani damar cewa a gida ka ji ciwon. Abin da ake biya kuma kashi-kashi ne: kuɗin magani, wani ɓangare na albashi na lokacin da ba ka iya aiki, sannan diyyar naƙasa ta dindindin, wadda likita ke auna ta da kashi cikin ɗari. In mutum ya rasu, iyalinsa ne ke da haƙƙi. Ranar aunawar nan ba zan manta ta ba. Likita ya sa na damƙe wani ƙarfe mai agogo, ya lanƙwasa abin da ya rage na yatsun, ya rubuta lamba. Hannun da na yi shekara tara ina ci da shi ya koma lamba a takarda.

Shaidar da ta fi ƙarfi ta abokin nan nawa ce. Tsoro yake ji ƙwarai, ya ɗauka shi za a kama. Sai da na je har gidansa na ce masa, "Ɗan'uwa, ba kai nake nema ba, ba ma wanda ake nema. Faɗi kawai abin da ka gani." Ya faɗa, har da maganar murfi. Har yau in mun gaisa ba ya kallon hannuna.

Ni dai na yi sa'a, don ina da takardar ɗaukar aiki. Masu aikin yini, da waɗanda ɗan kwangila ya kawo, da yaran da ake kira masu koyo alhali aikin manya suke yi, su ne suka fi shan wahala, domin kafin su tabbatar da rauni sai sun fara tabbatar da cewa sun taɓa aiki a wurin.

Rauni irin nawa kuma mai sauƙin nunawa ne: akwai jini, akwai rana, akwai shaidu. Ƙiyasin da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar a 2023 ya ce kusan mutum miliyan 3 ne ke mutuwa duk shekara sanadin aiki, amma hatsari kai tsaye kimanin 330,000 kawai yake kashewa. Sauran, wajen miliyan 2.6, cututtuka ne. Ƙurar dutse da ke daskarar da huhu, sinadaran da ake shaƙa kullum, asbestos, wani ma'adini da ake sawa a kayan gini, da kan yi shekara ashirin ko talatin ko fiye kafin ciwon dajinsa ya bayyana. Zuwa lokacin mutum ya bar aikin, kamfanin ma wataƙila ya rufe. Wa zai haɗa masa tarin yau da ƙurar da ya shaƙa yana saurayi?

Da na koma aiki sito aka mayar da ni, kusa da Baba. An mayar da murfin injin tun satin da abin ya faru, aikin da bai wuce rabin awa ba. Yanzu kuma duk wanda zai zura hannu a inji sai ya kashe wuta daga tushe, ya sa kwaɗo, ya jefa mabuɗin a aljihunsa. A nan zaman sito na lura Baba kullum kunnen hagu yake juyo mini, in na yi magana daga dama sai ya ce "iye?" Kafin tsufa ya kawo shi sito, shekara ashirin da wani abu ya yi a gindin injin da sai ka yi ihu na kusa da kai zai ji ka. Ƙarar da ta kai desibel 85 a ma'aunin ƙarfin sauti, in ana shan ta awa takwas kullum, tana cin kunne a hankali, kuma abin da ta ci ba ya dawowa. Ba a taɓa ba shi abin toshe kunne ba.

Na ce masa, "Baba, wannan ma ciwon aiki ne, a ƙasashe da yawa yana cikin jerin waɗanda ake biya. Mu je a auna."

Ya ce, "Tsufa ne, ɗana."

Na ce ban yarda ba. Mun yi wata biyu muna wannan ja-in-ja, a ƙarshe ya ce zai je in dai ni zan raka shi in cike masa takardu. An ba mu Alhamis mai zuwa, ƙarfe tara na safe.