Sarkin da Aka Dakatar na Yini Guda

Ina aji uku a sashen kimiyyar siyasa malaminmu ya ba mu aikin rubutu kan sarauta da dimokuraɗiyya. Ban tsaya dogon tunani ba, na cika shafi takwas ina cewa ruwa da wuta ne: wanda ya gaji kujera daga ubansa ba shi da hurumi inda ƙuri'a ke naɗa shugaba. Takardar ta dawo mini da jan biro a gefe: "In sarki da majalisa suka saɓa, maganar wa ke zama? Je ka duba Beljiyam, 1990."

Na je na duba, rai a ɓace. A shekarar ce majalisar ƙasar ta amince da dokar sassauta zubar da ciki. Sarki Baudouin, ɗan Katolika ne mai riƙo da addininsa, ya ce zuciyarsa ba za ta bar shi ya sa hannu ba. Sai gwamnati ta ayyana cewa sarki ba ya iya gudanar da mulki, ministoci suka rattaba hannu a madadinsa, washegari majalisa ta zauna ta mayar da shi kan karagarsa. Doka ta tabbata, shi kuma bai taka imaninsa ba. Dariya abin ya fara ba ni, daga baya na gane amsar Malam ke nan.

Da na ci gaba da tono, sai na ga ko'ina haka zancen yake. A Birtaniya, rabon da mai sarauta ya ƙi amincewa da dokar majalisa tun 1708, zamanin Sarauniya Anne. Tsarin mulkin Japan na 1947 ya kira sarki alamar ƙasa, ya hana shi ikon gwamnati. A Suwidin kuwa, tun 1975 kakakin majalisa ne ke gabatar da firaminista, sarki ba ruwansa. Waɗannan gidaje sun ɗore ne saboda sun saki ragama. Italiya, inda sarki ya miƙa wa ɗan kama-karya Mussolini gwamnati a 1922, ƙuri'ar raba gardama ce ta sallami sarautarta a 1946.

Sifaniya ce ta fi ba ni wahala. Ranar 23 ga Fabrairun 1981 Laftanar Kanar Antonio Tejero ya kutsa majalisa da dakaru, ya yi garkuwa da 'yan majalisar. Cikin dare Sarki Juan Carlos ya fito a talabijin sanye da kakin soja, ya tsaya bayan tsarin mulki, juyin mulkin ya wargaje. Saura kaɗan in koma mai yabon sarauta. Amma shi wannan sarki ne ya sauka a 2014 bayan sunansa ya ɓaci, a 2020 kuma ya bar ƙasar ana ta binciken dukiyarsa. Gado ba ya tantance hali, kuma babu ranar zaɓen da talaka zai rama.

Da na sake rubutun, shafi biyar ya zama. Na zubar da ruwa da wutar, na bi ƙasashen ɗaya bayan ɗaya ina tambayar wa ke iya ce wa wa a'a. Sakin layi ɗaya kawai na bari daga na farko, inda na ce har yanzu ban ga dalilin da za a haifi yaro da muƙamin shugaban ƙasa a hannu ba. Malam bai taɓa wurin da jan bironsa ba.