Juma'a, 27 ga Satumba, 2024: Maggie Smith ta rasu

Bayan an sauko daga Juma'a ƙanwata ta kira ni. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Yaya, kin ji tsohuwar nan ta Harry Potter ta rasu?" Na buɗe waya, ga labari ko'ina. 'Ya'yanta maza biyu, Chris Larkin da Toby Stephens, waɗanda su ma 'yan wasa ne, su suka fitar da sanarwa cewa mahaifiyarsu Maggie Smith ta rasu yau da sassafe a asibitin Chelsea and Westminster da ke Landan, tana da shekara 89. Bara war haka, ranar 27 ga Satumba, Michael Gambon da ya fito a Dumbledore shi ma ya rasu.

Jikina ya yi sanyi fiye da yadda na zata. Yawancinmu a tsohuwa muka san ta. Lokacin da fim ɗin Harry Potter na farko ya fito a 2001 tana da shekara 66, shirin talabijin na Downton Abbey kuwa sai a 2010 aka fara shi. Shi ya sa duk wanda na gani yana rubutu a Facebook yau, ko dai Farfesa McGonagall ta Harry Potter yake ambata, ko dattijuwa Violet Crawley ta Downton Abbey mai kaifin harshe. Ban ga laifinsu ba. Amma matar nan ta yi kusan shekara hamsin tana aiki kafin ta sa waccan doguwar hular ta McGonagall.

An haife ta a Ilford a ƙarshen 1934, ta tashi a Oxford, kuma a can ta fara hawa dandamali a 1952, tana da shekara 17, a matsayin Viola cikin wasan Shakespeare. Daga baya Laurence Olivier ya ɗauke ta a sabuwar ƙungiyar National Theatre, ta fito a Desdemona shi kuma a mijinta Othello, baƙar fata, cikin wasan Shakespeare mai suna Othello. Na taɓa kallon wanda aka ɗauka a fim a 1965, kuma har yau baƙin fentin da Olivier ya shafa wa fuskarsa yana min ciwo, ban iya kallonsa da daɗin rai. Ita ce ta sa na jure har ƙarshe, saboda yadda take magana a hankali alhali kowace kalma tana isa kunne.

Littattafan yara da na kwaso daga makaranta don in yi maki na ture gefe. Bayan la'asar na nemo The Prime of Miss Jean Brodie na 1969, fim ɗin da ya ba ta kyautar Oscar ta farko, na zauna na sake kallo.

Duk malamar da ke koyarwa a makarantar 'yan mata ya kamata ta ga wannan fim. Jean Brodie malama ce a Edinburgh a shekarun 1930. Tana son ɗalibanta, tana buɗe musu ido kan zane da waƙa da tarihi, ta zaɓi wasu 'yan kaɗan ta mai da su 'yan lelenta. Kuma tana yabon Mussolini, ɗan kama-karyan Italiya, a gabansu. Ɗaya daga cikinsu, yarinya mai rauni da in'ina, ta biye wa zugarta ta tafi yaƙin basasar Sifaniya, aka kashe ta a hanya. Abin da ya kama ni yau shi ne Maggie Smith ba ta mai da matar nan muguwa ba ko na minti ɗaya. Sai da ta sa na so ta, na ji da ma ni ce a ajinta, sannan a hankali na ga irin ɓarnar da take yi. Na san daɗin da malama ke ji idan yara arba'in sun zuba mata ido suna ɗaukar duk abin da ta faɗa kamar yankan wuƙa. A fuskar Maggie Smith na ga wannan daɗin, na kuma ga inda yake kai mutum idan ba mai ce masa a'a. A fage na ƙarshe, da ɗalibar da ta kai ƙararta ta tsaya gabanta ta faɗa mata gaskiya, har lokacin Brodie ba ta yarda ta yi laifi ba. Sai da na tsayar da fim ɗin na sha ruwa.

Rayuwarta ma ba ta zo da sauƙi ba. Aurenta na farko da Robert Stephens ya mutu, ta auri marubuci Beverley Cross a 1975, ta yi shekaru tana wasa a Stratford ta Kanada, ta ƙara cin Oscar da fim ɗin California Suite. Cross ya rasu a 1998. A 2007 aka gano tana da kansar mama, amma tana karɓar magani mai karya jiki tana zuwa ɗaukar Harry Potter na shida.

Wanda na fi jin takaicin ban gani ba shi ne A German Life, a gidan wasa na Bridge da ke Landan a 2019. Tana da shekara 84, ita kaɗai a dandamali, zaune a kujera fiye da awa ɗaya da rabi, tana magana da bakin Brunhilde Pomsel, sakatariyar da ta yi aiki a ma'aikatar Goebbels, ministan farfagandar Hitler, wadda ta tsufa tana cewa ba ta san abin da ake yi ba. Shekara 50 cif tsakanin Brodie da Pomsel, kuma duka biyun mata ne da suka raɓi zalunci ba tare da sun ga nasu hannun a ciki ba. Ba kowace 'yar wasa da duniya ke ƙauna za ta yarda ta rufe aikinta na dandamali da irin wannan mace ba, ga haddar da ke ciki a wannan shekaru.

Da daddare 'yata ta same ni a falo ta ce, "Umma, wannan ba McGonagall ba ce? Ashe ta taɓa yin yarinta haka?" Ta ce tana so ta kalla. Ta shiga SS1 bana, kusan sa'ar 'yan matan fim ɗin ce. Na ce mata gobe bayan mun gama wanki mu kalla tare, don ina so in ji a wane wuri ita za ta fara zargin malamar.